Hausawa a cikin Age of Empires III: abin da ƙarin The African Royals ya kawo, da inda za a sa ido nan gaba

Mai gidan gem a Ringim ko Gaya ko Ɗambatta, in ya ji an ce akwai wasan kwamfuta da ake kafa birnin Kano a ciki, ana fito da 'yan lifidi, sojoji na amsa umarni da Hausa, abu biyu zai fara tambaya: nawa ne, kuma na'urata za ta ɗauka? Amsar ta farko mai sauƙi ce. Ta biyun ita ce ke cin kuɗin mutane.

Wasan shi ne Age of Empires III: Definitive Edition, wanda ya fito a watan Oktoba na 2020. Ƙarin da ya shigo da Hausawa da Habashawa kuma, wato kunshin da ake saya daban a ɗora kan wasan, sunansa The African Royals, ya fito a watan Agusta na 2021, farashinsa na asali dala 9.99, ban da kuɗin uwar wasan. Hukuncinmu a taƙaice: a duk wasannin dabarun yaƙi da ke kasuwa, babu inda aka zauna aka yi wa Hausawa aiki irin wannan, kuma ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ƙofar gyara shi ta kusa rufewa, don haka duk wani buri da muke da shi sai mu kai shi wani gidan.

Yadda ake sarrafa Hausawa ya bambanta da na Turawan cikin wasan tun daga minti na farko. Kowa na tara abinci da itace da zinariya, amma ƙasashen Afirka biyun suna da dukiya ta huɗu, wato tasiri. Da tasiri ake ɗaukar sojan haya, da shi ake kiran mayaƙan ƙabilun da aka ƙulla amana da su, da shi ake sayo igwa daga waje, domin Hausawan wasan ba sa ƙera igwa da kansu. Wanda bai gane wannan ba zai tara zinariya jibgi, abokin gaba ya iso da igwa biyu, shi kuwa ba shi da abin mayar da martani.

Tasiri yana fitowa ta hanyoyi kaɗan, kuma mafi muhimmanci ita ce jami'a. Ginin jami'a yana ɗigo da tasiri a hankali, amma yawan ɗigon ya danganta da abin da ke kewaye da shi: babban gidan gari, da fada, da tashar fatauci. In aka dasa jami'a can gefe ita kaɗai don wai a ɓoye ta daga hari, an yi asarar itace. Kafin a ajiye ta, a duba da'irar da wasan ke nunawa, a tabbata babban gidan gari na ciki, sannan a bar fili a cikin da'irar don fadar da za a gina daga baya. Wannan kuskuren shi ne ya fi yawa a wurin sababbin 'yan wasa, kuma ba ya nuna kansa sai wasa ya yi nisa, lokacin da gyara ya yi tsada.

Sai kara. Ana fara wasa da 'yan shanu, kuma hannu na ƙaiƙayin a yanka su a ci tun da wuri. Kada a yi. A kai su kara su yi ƙiba, suna nan tsaye suna ƙara tasiri, sannan a sayar da su a karɓi itace ko zinariya a dunƙule. Farashi yana hawa in an daɗe ba a sayar ba, yana faɗuwa da zarar an sayar, kamar dai yadda yake a Maigatari ranar Alhamis in shanu suka cika kasuwa. Saboda haka ba a zubar da garke gaba ɗaya. A sayar da ɗaya lokacin da ake neman itacen gina sansani ko tashar fatauci, a jira farashi ya farfaɗo, a sake. Wanda ya iya wannan ba ya buƙatar tura ma'aikata da yawa saran itace a farkon wasa, sai ya bar su kan farauta, ya riga abokin karawarsa hawa zamani na biyu, wato matakin ci gaba na gaba a cikin wasan.

Rumbu ma yana da nasa aikin. Yana jawo namun daji kusa da shi, yana kuma ƙara saurin aikin duk ma'aikacin da ke kewayensa, don haka a kafa shi a gefen garken farauta tun farko. In nama ya ƙare, gonaki ake shimfiɗawa a kewaye da rumbun, kowace gona mutum 3, ana iya juya ta daga abinci zuwa zinariya. Gonakin suna cin fili sosai kuma suna da jinkirin ginuwa. Garin Hausawa kan bazu fiye da na Bature, barade masu kai hari kuma suna samun ƙofofi da yawa. Ganuwa da hasumiyar tsaro a nan wajibi ne, ba kwalliya ba.

Rundunar kanta: maharban Fulani suna kashe dakaru masu bindiga da mashi, amma in barade suka cim musu sun gama. 'Yan lifidi suna shan duka, na kibiya da na takobi, ba sa faɗuwa da wuri, sai dai saransu ba shi da zafi, aikinsu su tsaya a gaba su tare, maharba na aiki daga baya. Mahaya masu jifa da mashi su ne maganin dawakin abokin gaba. Maigadi, wanda ake fitarwa daga fada da tasiri, shi ne ɗan bindiga mai ƙarfi, amma tsadarsa ba ta bari a tara shi da yawa. Akwai kuma maroƙi, wanda kiɗansa ke sa gini ya yi aiki da sauri, a fagen fama kuma ya rikita abokan gaba. Yawancin yara suna mantawa da shi a tsaye a tsakar gari. A ajiye shi a jikin babban gidan gari tun farko, ma'aikata su riƙa fitowa da sauri.

Hawa daga zamani zuwa zamani kuwa ta ƙawance ake yi. Kowane hawa za a zaɓi abokan tafiya, cikin Barbar da Moroko da Songhai da Akan da Fulani da Yarabawa da Ingilishi, ko a ƙarfafa gida da ƙawancen Hausawa 'yan'uwa. Kowanne na buɗe nasa mayaƙa da nasa fasahohin. Wannan ne ya sa wasa biyu ba sa zama iri ɗaya, kuma shi ne ya sa Hausawa ba su dace da mai koyo ba. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta a irin wannan wasa ba, a fara ba shi Faransa ko Daular Usmaniyya ya saba da tara dukiya uku, kafin a ɗora masa ta huɗu.

A ɓangaren tarihi, sun yi karatu. Lifidi ba ƙirƙira ba ce: Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Gine-ginen ƙasa da zankwaye sun fito da kyau. Amma an cakuɗa abubuwa. Birnin gida Kano ne, shugabar da ke magana da kai kuwa Sarauniya Amina ce ta Zazzau, jagoran fage kuma an ba shi sarauta irin ta bayan jihadi. Ƙarni uku ko huɗu ke nan aka dama a ƙwarya ɗaya. Ga mai wasa a Turai wannan ba komai ba ne. Ga ɗan Zariya da ɗan Kano da ke zaune benci ɗaya, abin gardama ne har a tashi. Akwai kuma yaƙi guda na tarihi da aka gina kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Gobir, wanda ya faro a 1804. An yi shi da mutunci, amma mai shago ya sani cewa ba kowane dattijo ne zai ji daɗin ganin an sa Shehu a cikin wasa ba. In shagon na kusa da majalisar manya, a bar yara kan wasan fage kawai.

Yanzu na'ura. Kamfanin ya rubuta ram gigabait 8 da Windows 10 mai 64, da filin ajiya wajen gigabait 40. A takarda, ƙaramin katin hoto na cikin laftof ma zai buɗe wasan. A aikace, buɗewa daban, wasa daban. Mutum biyu a ƙaramar taswira, hoto a mafi ƙanƙantar saiti, laftof na hannu mai Core i5 zai yi. Amma wasan na ɗaukar mutum 8, kowanne da jama'a har 200, kuma da zarar hayaƙin igwa ya cika allo sai hoto ya fara tsinkewa. Mai zuwa Beirut Road ko Farm Centre a Kano sayen na hannu ya duba abu uku: ram ya kai 8, in da hali 16, ma'ajiyar ta zama SSD ba tsohon faifai mai juyawa ba, domin a nan ne lodin taswira ke cin mintuna, sannan ya nemi mai katin hoto na daban, ko da GTX 1050 ne. Kada ya yarda da sitikar da ke jikin murfi. Ya sa a kunna, ya buɗe bayanan na'ura ya gani da idonsa.

Akwai hanyar gwaji kyauta. Tun Agusta 2023 Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, na ba da wani yanki na wasan ba tare da biya ba, da ƙasashe kaɗan da ake juyawa. A sauke wannan a ga yadda na'ura ke numfashi kafin a kashe ko sisi. Wanda ya saya kuma ya ga ba ta ɗauka, Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a yi wasan awa 2 ba.

Saukewar ita ce wahalar ƙauye. Gigabait 40 a kan sabis mai zuwa yana ɗaukewa aikin kwanaki ne, kuma ya fi kuɗin ƙarin kansa tsada in ba a yi dabara ba. A sauke sau ɗaya a Dutse ko Haɗejiya ko cikin Kano inda sabis ke da ƙarfi, a yi amfani da tsarin adana kwafi na Steam a zuba a faifan waje, a dawo gida a mayar a kan sauran na'urori. Kowace na'ura dai sai da nata asusun da ya sayi wasan in ana so a kara da juna, kuma karawar na son intanet. Wasa da kwamfuta ita kaɗai kuwa ba ya buƙatar sabis, muddin an shiga asusun sau ɗaya an mayar da Steam yanayin rashin intanet. A kuma kashe sabuntawa ta kai tsaye, in ba haka ba wata safiya za a tarar data ta ƙare babu wanda ya taɓa komai. Kwafin sata da ake turawa a filashi a kasuwa ba ya shiga karawa, ba ya karɓar gyara, sau da yawa kuma da ƙwayar cuta yake zuwa. A jira rangwamen ƙarshen Yuni ko na ƙarshen Disamba ya fi.

Wuta: laftof maras katin hoto na jan wat 45 zuwa 65, babbar kwamfuta da allonta kuwa tana iya kai 200 ko fiye. Batir mai amfiya 200 a kan bolt 12 yana riƙe da wat-awa 2,400 a lissafi, amma in na ruwa ne rabin kawai ake ci in ana so ya yi shekaru. Laftof huɗu a kan wat 65 sun zama 260, ke nan awa huɗu da 'yan mintuna bayan an cire abin da inbata ke sha. Babbar kwamfuta huɗu ba za su kai awa biyu ba. Shi ya sa a gidan da ke kan sola laftof ya fi, ga shi kuma batirinsa na tare wasa in wuta ta yi ƙifta. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ne sauran abokan gaba. In wasa ya fara lafiya, bayan minti 20 ya soma jan ƙafa, ba laifin wasan ba ne: na'ura ce ta yi zafi ta rage gudu don kada ta ƙone. A ɗaga bayanta daga tebur, a buɗe a busa fanka duk wata biyu a lokacin ƙura, a sauya man da ke kan kwakwalwarta sau ɗaya a shekara.

To, me ke tafe? A Janairun 2025 masu wasan suka sanar da soke ƙarin da suka yi alkawari, wanda zai kawo Folan da Denmak. Tun da aka fasa wa Turawa nasu, kada wani ya zauna jiran Barno ko dogon labarin yaƙe-yaƙen Kano a Age of Empires III. Wasan dai na nan yana aiki.

Inda hasashe ya fi ƙarfi shi ne Civilization VII, na kamfanin Firaxis, wanda ya fito ranar 11 ga Fabrairu 2025. Amina na cikin shugabanninsa tun ranar farko, da ƙarin ƙarfi ga sojojinta a fili da hamada, da ƙarin riba daga kayan fatauci. Amma babu ƙasar Hausa. Wasan ya raba shugaba da ƙasa, ya kuma raba tarihi gida uku, don haka mai riƙe da Amina kan fara da Aksum ta Habasha, ya koma Songhai, ya ƙare a Buganda ta Yuganda. Tafiya ce da ba ta da kai. Shugabar da aka zana, aka ɗauki muryarta, aka bar ta babu gida, alama ce ta gurbin da aka tanada don sayarwa daga baya. Wannan zato ne, ba sanarwa ba. Abin da ke ƙarfafa shi tsarin kamfanin ne: Civilization V ya fito a 2010, manyan ƙarinsa suka biyo a 2012 da 2013, na VI ya fito a 2016, nasa suka zo a 2018 da 2019, kuma a na 2019 ɗin ne Mali da Mansa Musa suka shigo. In aka bi wannan sawu, Afirka ta Yamma kan samu rabonta a babban ƙari, ba a ƙananan ba.

In za su yi, ga abin da ya kamata. Hausa ta zauna a zamani na tsakiya, Sakkwato ko Barno a na ƙarshe. Ginin musamman ya zama marina da kasuwa, a haɗa su su ba da unguwa irin ta Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ganuwa ta kewaye gonaki, ba gidaje kaɗai ba, domin haka badalar Kano take, shi ya sa birnin ke jure tsare. Ƙarfin ƙasar kuma ya fito daga birane da yawa masu gasa da juna, ba daga babban birni ɗaya ba. Buri na biyu ya fi wannan muhimmanci ga ƙauye: Civilization VI yana bari mutane da yawa su yi wasa a kwamfuta ɗaya, kowa ya yi nasa zagayen ya miƙa wa na kusa. Na VII ya fito babu wannan. A shagon da ke da na'ura biyu da yara goma, wannan tsarin ya fi kowace sabuwar ƙasa daraja. Ga shi kuma a dala 69.99 ya fito, yana neman aƙalla GTX 1050. A yanzu, na VI ya fi dacewa da aljihu da na'urorinmu.

Age of Empires II ma na da bashi. Tun The African Kingdoms na 2015, wanda ya kawo Mali da Habasha da Barbar, har ƙarshen 2025 ba a ƙara ƙasa ko ɗaya daga kudancin Sahara ba. A 2022 sun ɗauki Indiya guda suka fasa ta gida huɗu. Babu abin da zai hana a yi wa Mali haka, a fitar da Songhai da Kanem-Barno da Hausa, da labarin Kanta na Kabi da ganuwar Surame. Wannan wasan ya fi na III sauƙi a kan tsohuwar na'ura, don haka in ya zo, shi zai fi isowa ƙauye. Age of Empires IV yana da Mali tun Oktoba 2022, har da babban garken Fulani a cikin gine-ginenta, amma nauyinsa ya fi ƙarfin yawancin laftof na hannu.

Wasannin kamfanin Paradox na masu haƙuri ne da Turanci mai ƙarfi. Crusader Kings III yana da Magajiya Daurama a farawar shekarar 867, sai dai cike yake da makirci da kisan gilla da neman mata, ba na yara ba ne. Europa Universalis IV yana da Kano da Katsina da Zazzau kowacce da kanta. Na V ya fito ranar 4 ga Nuwamba 2025, yana farawa daga 1337, shekara 12 kafin Sarki Yaji ya hau, wanda a zamaninsa Wangarawa suka iso Kano. Wannan farawa ce mai kyau ƙwarai ga labarinmu, amma a lura: na IV ya fito a 2013, ƙarinsa na Afirka mai suna Origins bai zo ba sai 2021. Victoria 3 na farawa a 1836 da Sakkwato da Barno a taswira, kuma nan ne ya kamata a ga tawayen Buhari na Haɗejiya, da Gumel a ɓangaren Barno, da basasar Kano ta 1893, maimakon a shafa wa yankin launi ɗaya. Total War: Medieval III kuwa an sanar da shi a Disamba 2025 yana matakin farko na aiki, shekaru ne a gaba. Na II, na 2006, taswirarsa ta taɓo Timbuktu. In sabon ya gangaro zuwa Tafkin Chadi, an gode.

Wanda waya kawai gare shi kada ya ruɗu da Age of Empires Mobile na 2024. Sunan ne ɗaya, amma wasa ne na jira da biya, kullum yana kan data. Unciv kyauta ne, ƙarami ne, an gina shi kan dokokin Civilization V, ba ya son intanet. The Battle of Polytopia ma haka, ana gama zagaye cikin rabin awa, mutum biyu ko uku na iya karɓa-karɓa a waya ɗaya. A kwamfuta kuma akwai 0 A.D., kyauta gaba ɗaya, da Kushawan Sudan a ciki, ana haɗa na'urori da kebul a cikin shago a kara babu sabis.

Ga mai na'ura biyu zuwa huɗu a kan sola, tsarin sayayya shi ne: a gwada yankin kyauta, a sayi uwar Age of Empires III da The African Royals a lokacin rangwame a kan na'urar da ta fi ƙarfi, a sa 0 A.D. a sauran, a ajiye Civilization VI don ranakun da yara suka yi yawa. Kuɗin Civilization VII a riƙe shi tukuna, har sai an ga sunan Hausa a jerin ƙasashensa ko an dawo da wasan karɓa-karɓa.